Tseren Tattabaru: Wasa Ne Ko Kiwo?



Duk wanda ya taɓa kiwon tattabaru ya san halinsu. Yayana ya taɓa sayar da wata 'yar fara a kasuwa ranar Juma'a, kafin Lahadi sai ga ta a kan katangarmu tana gyaran gashi kamar ba abin da ya faru. Dole ya kama ta ya mayar wa mutumin. To wannan hali na komawa gida shi ne Turawa suka mayar gasa. A Birtaniya ma masu gasar sun daɗe suna roƙon hukuma ta sa ta cikin jerin wasanni, kamar ƙwallon ƙafa da guje-guje, don su ma su samu tallafi. A kan wannan roƙo zan yi bayani a wannan makon.

Bari mu fara da yadda ake tseren, don sai an gane shi za a gane rigimar. A ƙasar Beljiyam aka fara shi da gaske, wajen shekarar 1818, daga nan ya bazu. Tun ɗan tattabara yana da kamar mako ɗaya ake zura masa zobe mai lamba a ƙafa. Idan ya girma zoben ba ya fita, ya zama katin shaidarsa ke nan har ya mutu. Daga nan sai horo. Yau a kai shi nesa kaɗan da gida a sake shi, gobe a ƙara nisa, har ya saba. Ranar gasa kowa ya kawo nasa, a zuba su cikin kwanduna, babbar mota ta kwashe su zuwa wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita. Da safe sai a buɗe ƙofofin a lokaci guda, su tashi gaba ɗaya, kowace ta nufi gidan ubangidanta. Akwai wata babbar gasa da ake sakin su daga Basalona a ƙasar Sifen, wasu sai sun yi kilomita dubu ko fiye kafin su isa gida.

Nan ne abin ya bambanta da gudun da muke yi a filin makaranta. Mu layin ƙarshe ɗaya ne. Su kuwa kowa da gidansa, wani kusa wani nesa. Saboda haka ba wadda ta riga sauka ce take cin gasa ba, lissafi ake yi. Ana raba nisan da mintunan da tattabara ta yi a sama. Ga misali, 'yan aji biyu ku ɗauko biro. A ce gidan mutum na farko yana da nisan kilomita 300, tattabararsa ta iso cikin awa 5, wato minti 300. Ta yi mita 1,000 ke nan a kowane minti. Gidan na biyu kilomita 330 ne, tasa ta iso cikin awa 5 da minti 15, wato minti 315. Idan ka raba 330,000 da 315 za ka samu wajen mita 1,048 a minti. Ka ga ta biyun ce ta ci, duk da ta yi lattin minti 15. A da, wani zoben roba ake cirewa daga ƙafarta a jefa cikin wani agogo na musamman da ke buga lokaci. Yanzu zoben yana ɗauke da 'yar na'ura, tana taka bakin ƙofa kwamfuta ta rubuta lokacin.

Yaya take gane hanya alhali a rufe aka kai ta? Masana sun ce tana amfani da rana, da maganaɗisun da ke cikin ƙasa, har ma da ƙanshin iska. Wasu masu bincike a Jami'ar Oxford sun gano cewa idan ta san yanki, takan bi manyan tituna daga sama, har ta sha kwana inda titin ya sha kwana. Ni wannan ya fi ba ni dariya.

Yanzu ga rigimar. A Birtaniya akwai hukumomin wasanni, ta Ingila sunanta Sport England, kuma suna da jerin abubuwan da suka yarda wasanni ne. Shiga wannan jeri ba suna kawai ba ne, akwai kuɗi a ciki. Ƙaramin kulob na unguwa da ke yin wasan da ke cikin jerin zai iya yin rajista a rage masa kashi 80 cikin 100 na harajin da ake biya kan gininsa. Kuma ƙofar neman tallafin hukumar wasanni takan buɗe masa. Tseren tattabaru ba ya cikin jerin. A shekarar 2007 wani ƙaramin kulob a garin Belford da ke arewacin Ingila ya ga an fara neman haraji kan 'yar rumfar da suke ajiye kwanduna, kamar wani shagon kasuwanci. Abin ya yi musu zafi har aka kai kuka wurin Sarauniya Elizabeth ta biyu.

Me ya sa Sarauniya? Saboda ita ma mai tattabaru ce. Tun 1886 Sarkin Beljiyam Leopold na biyu ya ba gidan sarautar Ingila kyautar tattabarun tsere, aka gina musu ɗaki a Sandringham. Kuma a lokacin ita ce uwar babbar ƙungiyar masu tseren, wato Royal Pigeon Racing Association. Amma Sarauniya ba ita ke rubuta jerin wasanni ba.

Hujjar hukuma ita ce, kafin a kira abu wasa sai ya kasance mutum ne yake motsa jikinsa. A tseren tattabaru kuwa tsuntsu ke wahala a sama, mai shi yana tsakar gida yana kallon gajimare. Da irin wannan hujja aka hana masu darar Turawa, wato ches. Masu wani wasan kati da ake kira birij ma har kotu suka je a 2015, suka sha kaye.

Masu tattabaru ba su yi shiru ba. Sun ce to ai kamun kifi da ƙugiya yana cikin jerin, kuma mai kamun kifi a zaune yake wuni. Wasan jifan allo da 'yan ƙananan kibiyoyi ma an karɓe shi a 2005, alhali mai yin sa ko taku uku ba ya yi. Sun ce su kullum sai sun tashi da asuba, su share kashi, su ɗauki buhunan hatsi da kwanduna, su auna abinci, su kai tsuntsaye horo. Wanda yake ganin wannan ba motsa jiki ba ne, ya zo ya taya yayana shara ranar Asabar. Sukan kuma tuna wa gwamnati cewa tattabaru sun yi wa ƙasar aiki a lokacin yaƙi. Akwai wata lambar yabo ta dabbobi mai suna Dickin, tattabaru 32 ne suka same ta saboda aikin da suka yi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya daga cikinsu, G.I. Joe, a 1943 ya kai saƙon da ya hana jirage jefa bam a wani ƙauyen Italiya da sojojin Birtaniya suka riga suka shiga.

Abin da ya fi damunsu shi ne yawancin masu tseren sun tsufa. Asali wasan talakawa ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masana'antu. Yara ba sa shiga kamar da, hatsi da man mota sun yi tsada, kulob-kulob suna ta rufewa.

Sai dai akwai abin da ke rage ƙarfin roƙonsu. A 2019 an sayar da wani tattabara ɗan Beljiyam mai suna Armando a kan Yuro miliyan 1 da dubu 250. A 2020 aka sayar da wata mai suna New Kim a kan Yuro miliyan 1 da dubu 600, kuma attajiran ƙasar Sin ne suka saye su duka. Wanda ya ji wannan zai ce masu irin wannan kuɗi me za su yi da tallafi? Sannan masu kare haƙƙin dabbobi suna cewa tattabaru da yawa ba sa dawowa. Wasu shaho ya ɗauke su, wasu su daki wayar lantarki, wasu hadari ya ɓatar da su a kan teku. Suna kuma sukar wata dabara da ake raba namiji da matarsa kafin gasa don ɗoki ya sa ya yi sauri. Ga kuma caca da ake yi a kan tseren a wasu ƙasashe.

Ni a ganina an haɗa abu biyu ne. Tsohon da ke Belford da rumfar kwandunansa ba shi ne ya sayar da New Kim ba, kuma bai kamata a caje shi haraji kamar mai kanti ba. Wannan rangwamen na goyi baya. Amma a ɗauki kuɗin da aka ware don yara su yi gudu da iyo a saya wa tsuntsaye masara, nan kam ban yarda ba, sai dai a nemo musu wani asusun daban, kamar na al'adun gargajiya. Kuma duk ƙungiyar da ke son hukuma ta san da ita, ya kamata ta riƙa faɗin tattabaru nawa aka saki, nawa suka dawo. Abokina da muke benci ɗaya ya ce wannan son kai ne don ni ɗan gudun mita ɗari ne. Wataƙila da gaskiyarsa.

Bayan rasuwar Sarauniya a 2022, masu tseren sun sa ran ɗanta zai gaji matsayinta a ƙungiyar. A 2024 aka ji cewa Sarki Charles bai karɓa ba. Duk mai ra'ayi, ko wanda tattabararsa ta taɓa dawowa daga nesa, ya rubuto da sunan garin da ta taso, ya miƙa wa sakataren kulob ɗinmu kafin ranar Alhamis.