Zuwa Babban Filin Taro: Hatsarin a Bakin Ƙofa Yake

Yau zancenmu a kan zuwa babban filin taro ne. Na san wata za ta ce, to ni da nake cikin kulle ina ruwana da fili? Da ruwanki, uwargida. Ko ba ki taka ƙofar zaure ba, ke ce mai shirya yara ranar Hawan Magajiya ko Sallar Gani, su kama hanya daga Sandamu zuwa Daura. Kuma wata rana maigida zai ba ki izini ki je musabaƙa, ko Maulidi, ko yaye ɗalibai.

Filayen nan iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe kamar na ƙofar fadar Sarkin Daura, inda mutum yake da hanyar zillewa ta kowane lungu, sai dai ya kiyayi dawaki. Akwai kuma mai katanga, kamar filin wasa na Karkanda da ke Katsina, wanda aka buɗe a 2013, daga baya aka sa masa sunan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An gina shi don ƙwallo, amma ana yin manyan taruka a ciki, kuma yana ɗaukar mutum kusan 35,000. Kujerun hawa-hawa ne, kamar matakala. Ki ƙiyasta jama'a mai yawan haka ta miƙe a lokaci guda, kowa yana neman fita ta 'yan ƙofofi ƙalilan.

To a nan matsalar take. A ranar 18 ga Disamba 2024, a Ibadan, an kira taron yara da alƙawarin kuɗi da abinci, iyaye mata suka yi sammako da 'ya'yansu, aka yi turereniya wajen shiga, yara 35 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Yawancinmu muna zaton tattakewa ce take kisa. Sau da yawa matsi ne. Idan aka danne ƙirji ta gaba da ta baya, huhu ba ya samun wurin buɗewa, sai numfashi ya ɗauke mutum yana tsaye a kan ƙafafunsa.

Shi ya sa nake roƙonku a kan goyo. Jaririn da ke bayanki shi ne zai fara shan nauyin duk wanda aka turo, ke kuwa ba ki ganinsa, ga hijabi ya rufe shi, kukansa ma ba lallai ki ji ba saboda ƙarar lasifika. In da hali a bar shi gida wurin kaka ko abokiyar zama. In ya zama dole, to kafin ki kusanci ƙofa ki kwance shi, ki dawo da shi gaba, ki ɗaga shi sama da ƙirjinki. Ɗan yaye kuma a saɓa shi a kafaɗa, kada a ja shi a ƙasa.

Alamar da za ki gane cunkoso ya wuce misali ita ce idan kin kasa ɗaga hannu ki gyara mayafi, ko kin ji jama'a na tafiya da ke ba da sonki ba. Kada ki yi ja da su. Ki naɗe hannuwa a gaban ƙirji, ki bi inda aka nufa, kina zamewa gefe kaɗan-kaɗan, amma ban da jingina da katanga ko ƙarfen ƙofa. Takalmi ya fita, ya tafi. Waya ta faɗi, bar ta. Sunkuyawa ita ce faɗuwa. Dogon hijabi kuma a tattare shi, don idan aka taka bakinsa baya zai fizge ki.

Da kun shiga ku tambayi 'yan agaji ɓangaren mata da makewayi, ku kuma lura da wata ƙofa ban da wadda kuka shigo. Ku riƙe ruwa. Idan an tashi, ku zauna tukuna, ko ku fita kafin addu'ar rufewa. Direban da ya kawo ku zai jira.

Yaran da za su tafi ba tare da ke ba, ki rubuta sunan mahaifinsu, da unguwa, da lambar waya a takarda, ki sa a aljihun ƙaramin. Ki haɗa kowane ƙarami da babba guda, ba garke a hannun yaya ɗaya ba. Ki ce musu wanda ya ɓace ya je wurin dogari ko ɗan sanda ya tsaya. Idan kuma suka ji an ce ana rabon kuɗi ko shinkafa a wata kusurwa, su nufi wata kusurwar daban, kuma su kamo hanyar gida tun kafin magariba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.