Masaukan Baƙi Na Hanya Mai Lamba 66 A Amurka

Duk wanda ya buɗe taswirar ƙasar Amurka, ya sa yatsa a birnin Shikago, sa'an nan ya ja shi kudu maso yamma har bakin teku a Kalifoniya, to, ya bi sawun wata tsohuwar hanyar mota wadda a ke kira Hanya Mai Lamba 66. An ba ta wannan lamba ran 11 ga Nuwamba, 1926. Tsawonta mil 2,448 ne, watau ya ninka nisan Ikko zuwa Kano a jirgin ƙasa fiye da sau uku, ta kuwa ratsa jihohi takwas. Abin da mu ke so mu ba da labarinsa shi ne ƙananan masaukan baƙi da suka tsiro a gefenta, waɗanda miji da mata da 'ya'yansu ke lura da su, da yadda hanyar nan ta raya su, da kuma abin da ya same su sa'ad da aka janye musu matafiya.

Sunan irin wannan masauki motel. Turawa ne suka haɗa kalmar mota da ta otal suka tayar da sunan, aka fara liƙa shi ga wani gida a garin San Luis Obispo na Kalifoniya cikin 1925. Kafin wannan lokaci otal-otal galibi a tsakiyar birni su ke, kusa da tashar jirgin ƙasa, ga su da tsada. Mai ƙaramin ƙarfi in dare ya yi masa a hanya sai ya kafa tanti a bayan gari. Da masu gonaki na bakin hanya suka lura da haka, sai suka shiga gina 'yan ɗakuna na katako su na ba da haya. Sannu a hankali ɗakunan suka zama jeri guda, kowane da makewayinsa da wurin ajiye mota a bakin ƙofa. Kusan dai aikin da zango ya yi wa fatake shi ne motel ya yi wa masu mota.

Dalilin araharsu ba boyayye ba ne. Fili a bayan gari ba shi da tsada, sa'an nan ba a biyan ma'aikata. Maigida shi ne akawu, shi ne mai gadi, shi ne mai gyaran famfo. Uwargida ke wankin zannuwan gado, yara su yi shara in sun taso daga makaranta. Iyalin kuwa a nan su ke kwana, a bayan ofis, saboda haka ko da tsakar dare baƙo ya ƙwanƙwasa ya sami mai buɗe masa. A garin Carthage na jihar Misuri, wani mutum mai suna Arthur Boots ya gina nasa cikin 1939, ya na karɓar dala biyu da rabi kowane dare, ya na kuma talla cewa akwai rediyo a kowane ɗaki.

Baƙin farko masu yawa ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Daga 1930 zuwa 1939 fari da guguwar ƙura suka lalata gonakin Oklahoma da maƙwabtanta, har mutum fiye da 200,000 suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya, da yawansu ta wannan hanya. Labarinsu ne John Steinbeck ya rubuta a littafinsa The Grapes of Wrath cikin 1939. An gama shimfiɗa wa hanyar kwalta da siminti a 1938. Da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, mota ta yawaita, albashi ya kyautatu, sai ma'aikata suka shiga ɗibar iyalansu su na tafiya hutu yamma. Nan ne kasuwar masaukan ta buɗe sosai.

Da masaukai suka yi yawa, sai kowa ya shiga neman dabarar tsai da direba. Aka kakkafa manyan alamu na fitilu masu launi, waɗanda a ke hangowa daga nesa da dare. Mutanen garin Tucumcari na jihar Niyu Meksiko suka jera alluna a kan hanya su na shelar cewa su na da ɗakunan baƙi 2,000. A garin Holbrook na Arizona kuma Chester Lewis ya gina ɗakuna 15 na siminti cikin 1950, kowane mai tsini kamar tantin mutanen asali na ƙasar, ya kira wurin Wigwam. Fasalin ginin na wani mutum ne, Frank Redford, ladan da suka yi jinga kuwa shi ne 'yan kuɗin da baƙi ke jefawa cikin rediyon ɗakunan don su saurara.

Amma fitila baƙo kawai ta ke tsayarwa, hali ke dawo da shi. A Tucumcari ɗin nan akwai masauki mai suna Blue Swallow, wanda aka gina a 1939. Cikin 1958 Floyd Redman ya saya wa Lillian, matar da zai aura. Ta riƙe shi shekara 40, har 1998. An san su da cewa in baƙo ya rasa kuɗi su kan karɓi wani abu daga kayansa a madadi, wani lokaci ma su ba shi ɗaki kyauta. Ashe abin da Hausawa ke faɗi, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, har a can ya ci.

Sai dai wajibi ne mu faɗi cewa wannan maraba ba kowa ta shafa ba. Masaukai da yawa ba su karɓar baƙar fata, akwai kuma garuruwa a kan hanyar da ba su yarda baƙin mutum ya kai faɗuwar rana a cikinsu. Shi ya sa wani ma'aikacin gidan waya, Victor Green, ya fara buga ɗan littafi mai suna Green Book a 1936, ya na jera gidajen da baƙar fata zai iya sauka lafiya. Sai a 1964 doka ta hana wannan wariya a wuraren saukar baƙi.

Abin da ya karya masaukan shi ne ci gaban hanya. Shugaba Eisenhower, tun ya na hafsan soja a 1919, ya bi ayarin motocin soja da suka yi kwana 62 kafin su ratsa Amurka, daga baya kuma ya ga manyan titunan Jamus a lokacin yaƙi. Cikin 1956 ya sa hannu a dokar gina sababbin tituna masu faɗi, waɗanda galibi ba su ratsa tsakiyar ƙananan garuruwa, ba a kuma shiga ko fita daga cikinsu sai a wuraren da aka keɓe. A waɗannan mafitai manyan kamfanoni irin su Holiday Inn, wanda aka kafa a 1952, suka gina nasu masaukan, ɗakinsu na gabas daidai da na yamma, matafiyi ya san abin da zai tarar tun bai iso ba. Mai ɗaki goma sha biyu a tsohuwar hanya ba shi da kuɗin tashi ya bi su. Wigwam ya rufe a 1974. Garin Seligman aka kauce masa a 1978. Williams na Arizona shi ne na ƙarshe, a 1984. Ran 27 ga Yuni, 1985 aka soke lambar 66 daga cikin hanyoyin gwamnatin tarayya. Masaukai da yawa suka zama kufai, waɗansu aka rushe, kamar Coral Court na kusa da St. Louis a 1995.

Farfaɗowar ba daga gwamnati ta faro ba. Wani wanzami na Seligman, Angel Delgadillo, shi ya tara maƙwabta a 1987 suka kafa ƙungiya, suka matsa har jihar Arizona ta amince a kafa alamun "hanyar tarihi" a kan tsohon titin. Sauran jihohin suka bi sahu. Iyalin Lewis suka sake buɗe Wigwam a 1988. A 1999 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar kiyaye kayan tarihin hanyar, daga 2001 aka riƙa ba da gudummawar gyara, bisa sharaɗin mai gida ya kawo nasa kason. Wani fim na yara mai suna Cars, wanda ya fito a 2006, ya ƙara jawo hankalin duniya. Har wa yau kuma, iyalai da suka yi ƙaura daga Gujarat ta ƙasar Indiya sun sayi ƙananan masaukai masu yawa a Amurka, suka riƙe su bisa tsohuwar ƙa'ida, watau su zauna a ciki, su yi aikin da hannunsu.

Duk da haka ba a tsira sarai ba. A 2007 ƙungiyar kiyaye gine-ginen tarihi ta Amurka ta sa masaukan wannan hanya cikin wurare 11 da suka fi fuskantar halaka. Kuɗin ɗaki mai araha da ƙyar ya ke isa gyaran rufi da fitilu, a manyan garuruwa kuma filin ya kan fi ginin daraja, sai mai shi ya sayar a rushe. Shekarar 2026 ita ce cikar hanyar shekara 100.

To, malamai da akawuna, abin lura a nan biyu ne. Na farko, masu zana sabuwar hanya su kan ƙirga mil da sa'o'in da za a rage, amma ba safai su kan ƙirga gidajen da ke ci daga tsohuwar ba, alhali kuwa kaucewar mil ɗaya ta isa ta rufe kasuwar gari. Na biyu, masaukan da suka rage su ne waɗanda masu su suka ci gaba da share ɗaki da kunna fitila a shekarun da baƙo ya yi wuya, maƙwabtansu kuma suka haɗa kai suka kai kukansu ga hukuma da murya ɗaya. Duk garin da ke cin abinci daga hanya ya kamata ya san wannan labari tun masu awo ba su iso ba.