Mai Kafa Ƙusa a Rufin Mahaƙa

A kowace mahaƙar ƙarƙashin ƙasa da ake tafiyarwa bisa tsari akwai wata iyaka da duk ma'aikaci ya sani: inda jerin ƙusoshi na ƙarshe ya tsaya a rufin rami. Daga nan zuwa baya dutse a ɗaure yake, mutane da motoci na kai da kawo a ƙarƙashinsa. Daga nan zuwa gaba kuwa dutse ne da nakiya ta girgiza ɗazu, ba wanda ya san halin da yake ciki. Dokar haƙar kwal ta Amurka ta hana kowa shiga ƙarƙashin rufin da ba a tokare ba, kuma duk kamfanin da ya san ciwon kansa yana da irin wannan ƙa'ida. To amma rami ba zai ci gaba ba sai an tura iyakar nan, mita bayan mita. Mai tura ta shi ne mai kafa ƙusar dutse, kuma cikin duk masu sauka rami ban ga wanda rayukan sauran suka rataya a wuyansa kamarsa ba.

Ƙusar kanta ba abin kallo ba ce. Rodi ne da kaurinsa bai wuce santimita 2 da ɗoriya ba, tsawonsa yawanci tsakanin mita 1.5 zuwa 3. Ana huda dutse a cusa shi, a sa faranti na ƙarfe a bakin hudar, a ɗaure da noti. Wanda ya fara gani dole ya yi tambaya: yaya wannan ɗan ƙarfe zai riƙe dutsen da ya yi tsawon kilomita a kan mutum? Amsar ita ce ba ya riƙe shi, ba kuma aikinsa ba ne. Nauyin dutsen sama yana kewaye ramin ne ya sauka ta bangwayen gefe. Abin da ke kashe mutane shi ne fatar da ke kusa da rufin, mita ɗaya ko biyu, wadda ta tsattsage take neman saki. Idan ɓangare ɗaya ya zame, na kusa da shi ya rasa abin jingina, shi ma ya biyo baya, haka har rufin ya zube. Ƙusa tana hana wannan zamewar ta farko. Aikin mai kafa ta aikin gyartai ne: zaren da ya ɗinke ƙwarya ba shi ke ɗaukar ruwa ba, ya dai haɗa bakin tsagar ne domin ƙwaryar ta koma ɗaukar kayanta da kanta. Inda dutse yake shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar a ramukan kwal, ƙusa tana matse siraran shimfiɗu su zama gungume ɗaya mai kauri, ko ta rataye mai rauni a jikin mai ƙarfi da ke samansa.

Kafin ƙusa katako ne sarki. A ramukan kwal na Inugu, waɗanda aka fara haƙa wajen 1915, masu tokare rufi da gumagumai rukuni ne na ma'aikata mai zaman kansa. Katako yana da aibu da yawa: yana ruɓewa, yana cin wuta, yana tare hanya, nakiya na kayar da shi, kuma ba ya fara aiki sai dutse ya riga ya sauko ya danne shi. Amma yana da wata baiwa guda da masu haƙa suka ƙaunace shi dominta. Idan nauyi ya yi masa yawa yana kuka, yana ƙara, mutum ya ji ya gudu. Shi ya sa da aka zo da ƙusa tsofaffin ma'aikata da yawa suka ƙi yarda da ita. Sun saba ganin abin da ke kare su da idonsu, ga shi an ce su shiga fili fetal, ba ginshiƙi ko ɗaya, sai 'yan farantai manne a sama. Ban ga laifinsu ba.

Wani kamfanin haƙar dalma a jihar Misuri ta Amurka, St. Joseph, ya yi amfani da ƙusoshi bisa tsari tun shekarun 1920, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 hukumar ma'adinai ta ƙasar ta dage wajen yaɗa su a ramukan kwal. Amma inda aka fahimci dalilin da ya sa suke aiki shi ne Ostireliya, a gagarumin aikin lantarki na tsaunukan Snowy, wanda aka fara a 1949 aka kammala a 1974. Wani injiniya a can, Tom Lang, ya yi wani gwaji da har yau ake nuna wa ɗalibai. Ya cika bokiti da tsakuwa, ya ratsa ta da ƙananan ƙusoshi masu faranti, ya ɗaure, sannan ya kifa bokitin. Tsakuwar ba ta zube ba. Har nauyi ya rataya a ƙarƙashinta ta ɗauka. Ba siminti, ba gam, matsi kawai ya sa tsakuwa ta kama juna. Daga irin gwaje-gwajen nan aka fitar da ƙa'idar da mai sana'ar ke aiki da ita har gobe: tsawon ƙusa kada ya gaza ninki biyu na tazarar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta. Idan tazarar ta yi faɗi, dutse ya zubo ta tsakani, ƙusoshin na nan a rataye ba su tsinana komai ba.

Aikin yini ba da huda yake farawa ba. Bayan an tashi nakiya, an bar iska ta kwashe hayaƙi, sai a fesa wa rufi da bango ruwa, ƙura ta kwanta, tsage-tsage su fito fili. Sai mai sana'a ya tsaya ƙarƙashin wurin da aka riga aka ɗaure, ya duba bayansa ya tabbatar hanyar gudu a buɗe take, ya ɗauki doguwar sandar ƙarfe ya fara ƙwanƙwasa dutse. Dutse mai lafiya amonsa tsaf yake, yana dawowa cikin sandar har hannu. Wanda ya rabu da uwarsa kuwa amon holoƙo yake yi, a mace. Wannan sai a zura bakin sandar a tsagar a ɓamɓaro shi ya faɗo tun kafin ya zaɓi lokacinsa. A nan ne sana'ar take, kuma ba a koyonta a aji. Ɗan koyo yakan daɗe yana bin maigidansa kafin kunnensa ya rarrabe amon biyu cikin rugugin injuna, kafin idonsa ya san cewa 'yar ƙurar da ke tsiyayowa daga tsaga alama ce dutse na motsi. Akwai kuma ɓangaren dutse mai girman da ko an ƙwanƙwasa shi amon lafiya yake bayarwa saboda kaurinsa, alhali a sake yake. Wannan sai a gane shi ta yadda tsagogi suka haɗu suka yanke shi daga sama.

Sannan huda. A tsofaffin ramuka da wuraren da suka yi ƙunci har yanzu injin hannu ne mai aiki da matsattsiyar iska, mutum na rungume da shi, ruwa da dagwalon dutse na zubo masa a hular kwano da kafaɗu. A manyan ramuka na zamani mota ce mai dogon hannu, direba na zaune cikin rumfar ƙarfe nesa da bakin haɗari, ita ke huda, ita ke cusa ƙusa. Ƙusoshin kuma iri-iri ne. Akwai mai buɗe baki a can ƙarshen huda ta ciji dutse idan an murɗa noti. Akwai Split Set, wadda James Scott ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1970: bututu ne mai tsaga daga sama har ƙasa, ana buga shi cikin hudar da ta fi shi ƙanƙanta, sai ya matse ya kama. Akwai Swellex, wadda kamfanin Atlas Copco na Suwidin ya ƙirƙiro, bututu a naɗe da ake kumbura shi da ruwa mai matsin da ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau ɗari. Waɗannan biyun saurin kafawa ne amfaninsu, tsatsa ce abokiyar gabarsu.

Wadda aka fi dogara da ita ita ce mai gam. Gam ɗin yana zuwa cikin doguwar leda mai ɗaki biyu, danƙo a ɗaya, maganin sandarar da shi a ɗaya. Ana tura ledar cikin huda, a bi ta da rodi, injin ya juya shi ya fasa ledar ya gauraya su, sai a tsaya cik har ya kama. Duka abin na daƙiƙoƙi ne. Idan juyin ya gaza, gam bai gaurayu ba, ba zai sandare ba. Idan ya zarce, rodin ya farfasa gam ɗin da ya fara kamawa. Idan hudar ta wuce tsawon ƙusa, gam ya tafi can sama inda ba ƙarfe. Idan ledar ta daɗe a zafi, ta lalace tun a sito. Kuma ga abin da ya sa nake ganin sana'ar nan amana ce tsantsa: ƙusar da aka kafa da kyau da wadda aka kafa da ha'inci kamanninsu ɗaya daga ƙasa. Faranti ne da noti. Injiniyoyi sukan zo da na'urar ja su gwada ƙusa ɗaya nan ɗaya can, amma cikin dubbai kaɗan ne za a taɓa gwadawa. Sauran mutum ɗaya ne ya san gaskiyarsu, shi ne wanda hannunsa ke kan injin, shi ya ji ko dutsen ya yi taushi a tsakiya, shi ya san ko ya ƙirga daƙiƙoƙin ko ya yi gaggawa. Mutanen da za su wuce ƙarƙashin ƙusar bayan shekara goma ba za su taɓa sanin sunansa ba.

Ba riƙe dutse kaɗai ake da ƙusa ba. Duk abin da rami ke rayuwa da shi a sama yake rataye: bututun iska, fayif ɗin ruwa, wayoyin lantarki, fitilu, wani wurin har bel ɗin kwashe dutse. Ana kafa musu ƙusoshi masu zobe a kai. Sau da yawa ana raina wannan ɓangaren, ana ganin ƙaramin aiki ne, har wani ya ga ƙusar rufi kusa ya ɗaura mata sarƙa ya ja inji da ita, abin da ba a auna ta dominsa ba. Abin da ya faru a birnin Boston ran 10 ga Yulin 2006 ya isa darasi, ko da yake ramin mota ne ba mahaƙa ba. Allunan kankare masu nauyin kusan tan 26, waɗanda aka rataya da ƙusoshi masu gam, suka faɗo kan wata mota suka kashe wata mata. Bincike ya nuna gam ɗin da aka sa irin wanda ke saki ne sannu a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa. Shekaru ya yi yana zamewa.

Can ƙasa sosai kuma lissafin yana canzawa. A Mponeng ta Afirka ta Kudu, inda ake haƙar zinariya a zurfin kusan kilomita 4 kuma zafin dutse ke kaiwa wajen digiri 60, dutse ba faɗowa kawai yake ba, fashewa yake saboda tsananin matsi. Ƙusa mai tauri tsinkewa take nan take. Don haka injiniyoyin ƙasar suka ƙera wadda ke ja da baya kaɗan-kaɗan cikin siminti ba tare da ta saki ba, a haɗa ta da ragar waya da kankaren da ake fesawa a fuskar dutse.

Sana'ar tana cin jiki. Girgizar injin na kashe jijiyoyin yatsu, ƙara na cinye ji, ƙurar dutse na taruwa a huhu ta sandarar da shi. A 2019 wata kotu a Afirka ta Kudu ta amince da sulhun rand biliyan 5 tsakanin kamfanonin zinariya da tsofaffin ma'aikatan da wannan cuta ta ƙurar dutse da tarin fuka suka kama. Akwai kuma wata cutar da ba ta huhu ba: inda ake biyan garaɓasa bisa yawan mitocin da aka haƙa, mai kafa ƙusa shi ne ke tsayar da kowa. Abokan aikinsa na jira, mai kula da aiki na duba agogo. Mutumin da zai ce a dakata, a ƙara ƙusa uku a nan, yana bukatar ƙarfin hali da kuma kamfanin da zai tsaya a bayansa. Tsarin biyan da ke sa shi zaɓi tsakanin kuɗin cefane da ƙirga daƙiƙoƙin gam mugun tsari ne.

A yankinmu an yi masu wannan ilimi. Mahaƙar yuraniyom ta Akuta, kusa da Arlit, ta yi aiki a ƙarƙashin ƙasa, zurfin wajen mita 250, daga 1978 har aka rufe ta a ƙarshen Maris na 2021, kuma 'yan Nijar ne suka yi shekaru suna duba rufinta suna ɗaure shi. A watan Nuwamban 2021 ɗin dai, rami ya rufta da masu haƙar zinariya ta gargajiya a Garin Liman, yankin Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Irin wannan labari ba baƙo ba ne a Zamfara da Neja. Gaskiya ne ƙusa ba za ta yi amfani a yawancin waɗannan ramuka ba, domin ƙasa ce mai laushi da ruɓaɓɓen dutse, ba abin da ƙarfe zai cafka. Can katako ake bukata, da barin ginshiƙan ƙasa ba a cinye su ba, da tazara tsakanin rami da rami, da dakatawa idan damina ta jiƙa ƙasa. Amma mutumin da ya yi shekaru yana karanta rufi zai gane bangon da ke shirin zubewa ko a wane irin rami ne, kuma yaran da ke sauka da igiya da tocila a goshi ba su da kowa irinsa a bakin raminsu. Hukumomin ma'adinai na Nijar da Najeriya na iya neman tsofaffin ma'aikatan Akuta, su biya su, su ba su ikon rufe ramin da ya nuna alama, su haɗa kowanne da matasa daga cikin masu haƙar su koya a hannunsa tun yana da sauran ƙarfin sauka.