2.4 Iyakar Aikin Matata Wajen Tsarkake Ruwan Gwaji

A ɗakin gwaje-gwaje, hanyar da aka fi dogara da ita wajen kashe ƙwayoyin cuta ita ce turarawa a tukunyar matsi, a zafin digiri 121 na tsawon minti 15. Sai dai akwai abubuwan da zafi ke lalatawa, kamar wasu nau'o'in bitamin da magungunan kashe bakteriya. Irin waɗannan akan tace su ne da matata mai ƙofofin maikiron 0.22. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Abin lura a nan shi ne, matata tarewa take yi, ba ta kashewa. Duk abin da ya fi ƙofarta ƙanƙanta zai wuce da ransa. A shekarar 1892 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Ivanovsky, ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo, ya shafa wa lafiyayyen ganye, sai ciwon ya kama shi. Daga baya aka gane bairus ne. Kaurin wannan bairus nanomita 18 ne, alhali ƙofar matata nanomita 220 ce. Shi da danginsa suna kama tumatir, wanda yana cikin manyan amfanin noman rani a Kura da Bunkure da Kadawa. Ke nan ruwan ganyen tumatir da aka tace yana iya harbar shukar gwaji. Haka kuma bakteriyar maikofilasma, wadda ba ta da ɓawo, takan matse jikinta ta wuce.

Ruwan magudanan da ke tasowa daga madatsar Tiga yana da tasa matsalar. Matata takan tare tsutsotsin tsargiya da mafi yawan bakteriya, amma takin zamani da maganin feshi da suka narke a ciki wucewa suke yi. Bugu da ƙari, laka takan toshe ƙofofin, idan kuwa aka matsa da ƙarfi matatar na iya yagewa ba a sani ba. Don haka ake barin ruwan ya kwanta, a fara tacewa da matata mai manyan ƙofofi.

Saboda waɗannan dalilai, a wannan bincike duk abin da ke jure zafi turara shi aka yi. Wanda aka tace kuwa, an ɗiga kaɗan a farantin rainon bakteriya don a tabbatar babu abin da ya tsiro. Wannan gwaji ba ya nuna bairus, don haka ba a ɗauki tataccen ruwa a matsayin wanda ya kuɓuta daga gare shi ba.