Asirinka a gidan likita

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ka taɓa zuwa gidan likita, kunya ta hana ka faɗin ainihin abin da ke damunka? Mutane da yawa haka suke yi. Suna tsoron kada maganarsu ta kai bakin kasuwa.

To, ka sani, abin da ka gaya wa likita amana ce. Lokotoro, da anfirmiye, da unguwarzoma, da mai awon jini, duk doka ta ɗaure bakinsu. Dokar ƙasarmu Nijar tana hukunta ma'aikacin lafiya da ya tona asirin maras lafiya. Ko mai gari ya tambaya, ko surukarka, ko maigidan da kake yi ma aiki, ba a gaya musu ciwonka sai da yardarka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mi ya sa? Don in babu asiri, babu gaskiya. Mai ciwon sanyi zai ce ciwon ciki yake yi, a ba shi maganin da ba nashi ba. Mai tarin fuka ko Sida zai ɓuya a ɗaki, ciwon ya ci shi, ya kama iyalinshi.

Amma akwai inda maganarka take fita. In likitan garinku ya tura ka babban asibitin Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, zai rubuta ma na can abin da ya gani. Wannan ba tonon asiri ba ne, don a yi maka magani ne, kuma shi ma na can amanar tana wuyanshi. In ƙaramin yaro ne, ana gaya ma iyayenshi. In kuwa cuta ce mai yaɗuwa, kamar sanƙarau ko kwalara, dole likita ya sanar da hukumar lafiya da sauri, don a tare ta kafin ta cika gari. Haka aka yi lokacin sanƙarau na 2015 a Yamai.

Kai ma da naka aiki. Karnenka na likita, ka adana shi, kada ka bar shi inda kowa ke dubawa. In za a karanta maka takardar awo, ka zaɓi wanda ka yarda da shi. Kada ka ɗauki hotonta da salula ka tura ma mutane ta WhatsApp. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komowa.

In kun shiga ɗakin likita da ɗan rakiya, kana da ikon cewa: "Ina son mu gana mu biyu." Ba rashin kunya ba ne. Sa'annan ka faɗi gaskiya duka, har da maganin gargajiyar da ka sha.