Idan Firjin Jirgin Ruwa Ya Ƙi Sanyi, A Fara Tuhumar Akwatin

Duk watan Nuwamba, jiragen ruwa masu tafiya da iska fiye da ɗari kan tashi daga Las Palmas, a tsibiran Kanari, su nufi tsibirin Sent Lusiya na yankin Karibiyan, a gangamin ARC da aka fara a 1986. Tafiya ce ta kusan mil 2,700 na teku, mako biyu zuwa uku babu kasuwa babu wutar gari. Nama da madara da kayan miya duk suna dogara ne ga wani akwati da aka gina cikin kantar kicin, wanda ake buɗewa ta sama don kada sanyi ya tsere. Galibi an raba shi gida biyu: ɓangaren firiza, mai neman sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, da na firji, mai zama a wajen digiri 4.

Ranar da wannan akwati ya daina sanyi, bakin kowa kan tafi ga kwamfureso, ko a ce gas ne ya ƙare. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa lau.

Ƙaramin kwamfureson da ya fi yawa a irin waɗannan jirage shi ne BD35F na kamfanin Danfoss na ƙasar Denmak, wanda yanzu ake ƙerawa da sunan Secop. Yana aiki da batir mai bolt 12 ko 24, da gas ɗin R134a, wanda ya gaji R12 bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987. Idan yana jan amfiya 4 yana aiki rabin lokaci, zai ci amfiya-awa 48 a yini. Idan akwatin na yoyon sanyi har injin bai hutawa, lissafin ya koma 96. Ga jirgin da wutarsa ta dogara ga faranti biyu na sola, wannan ya isa a wayi gari batir ya kwanta.

Gwanayen gyara kan fara da abin da ba ya cin kuɗi. Su saka takarda a bakin murfi su rufe su ja. In ta zame ba gardama, robar murfin ta mutu. Da dare su jefa tocila a kunne ciki, su duba inda haske ke leƙowa. Sai ramin tsiyayar ruwa na ƙasan akwatin, gadon zamanin da ake loda sandunan ƙanƙara: iska mai sanyi ta fi ɗumi nauyi, don haka ta nan take zurarewa dare da rana in ba a toshe ba. Injin ma yana faɗin ciwonsa. In an haɗa masa ƙaramin ƙwan fitila, ƙiftawa ɗaya na nufin wuta ta yi ƙasa, wanda sau da yawa tsatsar waya ce ke jawowa, uku kuma na nufin ya kasa tashi. Abu ɗaya da ba a yi shi ne ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa, domin farantin sanyin na alminiyon ne, huda ɗaya gas ya tafi.

Babbar cutar tana ɓoye ne cikin bango. Tsofaffin jirage da yawa an cusa musu soson kare zafi da kaurinsa bai wuce santimita 5 ba, wani wurin ma fanko aka bari. Shekara da shekaru iskar teku mai laima tana ratsa soson, ta tarar da bango mai sanyi, ta zama raɓa, ta zauna. Ruwa kuwa ya fi iska ɗaukar zafi fiye da ninki 20, shi ya sa jiƙaƙƙen soso bai fi jiƙaƙƙen bargo amfani ba a daren hunturu. Ana gane shi ta gumin da katakon gefen akwatin ke yi, ko ta huda ƙaramin rami kusa da ƙasa a zaƙulo ɗan soson a matsa tsakanin yatsu.

In ya tsiyayo ruwa, faci ba ya magani. Dole a cire saman kantar, a yanke tsohon akwatin, a kwashe soson kakaf, a sauya katakon da ya ruɓe, a bar wurin ya bushe. Sannan a shimfiɗa abin tare danshi ta waje, wato ɓangaren ɗumi, a jera allunan soso marasa shan ruwa hawa-hawa, gaɓar wannan ba ta faɗa kan gaɓar wancan ba. Ma'aunin da aka saba bi shi ne santimita 10 ga firji, 15 ga firiza, a ƙara kauri a ƙasa da gefen da ke kallon ɗakin inji. A ƙarshe a lulluɓe ciki da zaren gilashi da gam ɗin efoksi. Cikin akwatin zai ƙanƙance, kuma masu ƙyashin rasa wuri kan sayi allunan da aka zuƙe iskar cikinsu, sirara masu tsada, waɗanda ba a yankawa kuma ƙusa ɗaya ke lalatawa.

Kafin a mayar da inji, ana gwada aikin da ƙanƙara. A sanyaya akwatin tukuna, a auna nauyin sanda ɗaya a saka, a rufe na awa 24, a sake aunawa. Kowane kilo da ya narke shaida ce cewa zafin kilojul 334 ya kutsa ciki, kuma da wannan adadi ake zaɓar girman kwamfureso da yawan batir.