Hannun Jarin Makamashi Mai Tsafta a Ma'aunin Fiƙihu: Daga Kasuwar Sabon Gari Zuwa Kamfanonin Haidurojin

Bayan gobarar da ta laƙume dubban shaguna a Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi da ke Sabon Gari cikin watan Maris na 2016, batun wutar da ake amfani da ita a kasuwar ya zama abin tattaunawa. A 2018 Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ta jagoranci wani shiri na haɗa shagunan da wutar sola, wanda masu zuba jari masu zaman kansu suka ɗauki nauyinsa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙarasa aikin: janareta ya yi wa mai ƙaramin shago tsada, farantan sola da batura kuwa suka zama hajar da ba ta kwantai a Ƙaramar Hukumar Fagge. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya buƙatar a gamsar da shi cewa akwai alheri a wannan fanni. Saboda haka wasu ke miƙa kuɗinsu ga dilan kayan sola ya juya musu, wasu kuma, musamman matasan da ke mu'amala da dala a Wapa, suke sayen hannun jarin kamfanonin ƙetare ta manhajar waya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kalmar "tsafta" a matsayin fatawa. Tsaftar makamashi magana ce a kan hayaƙi. Halaccin dukiya kuwa magana ce a kan ƙulla ciniki da hanyar da kuɗi suka bi.

Haidurojin iska ce da ake iya samu ta hanyar raba ruwa da ƙarfin lantarki, kuma idan aka ƙone ta ruwa take bari maimakon hayaƙi. Mafi yawan wadda ake sarrafawa a duniya yau daga iskar gas take fitowa, ana yin takin zamani da tace mai da ita. Wadda ake samarwa da wutar rana ko ta iska ta fi tsada, kuma a kanta kamfanoni ke neman jari. Babu abin ƙi a sana'ar kanta, domin asalin mu'amaloli halacci ne. Wannan ita ce ƙofar farko, kuma kusan kowane kamfanin makamashi yana wuce ta cikin sauƙi.

A ƙofa ta biyu ake samun cikas. Gina tashar sola ko masana'antar haidurojin yana cin kuɗi masu yawa shekaru kafin a fara sayar da komai, don haka irin waɗannan kamfanoni suka dogara ƙwarai ga bashin banki mai kuɗin ruwa. Mai hannun jari kuwa abokin tarayya ne, yana da rabo a kadarar kamfani da kuma mu'amalolinsa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na bakwai a Jidda cikin 1992, ta halatta shiga kamfanin da manufarsa halal ce, amma ta bayyana cewa asali shi ne haramcin shiga wanda ke taɓa haram kamar kuɗin ruwa, ko da ainihin sana'arsa halal ce. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta yi rangwame saboda buƙatar jama'a, a ma'auninta na 21, bisa sharuɗɗa: kada bashi mai kuɗin ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, haka ma ajiyarsa mai kuɗin ruwa, kuma kada kuɗin shigar da ba su halatta ba su wuce kashi 5, sannan a fitar da wannan kason a bayar da shi ga ayyukan alheri ba tare da an amfana da shi ba.

Akwai wani abu a wannan ma'auni da ɗalibai kan tsallake. Tun da darajar kasuwa ake auna bashin da ita, kamfanin da ya tsallake bara yana iya faɗuwa bana ba tare da ya ci sabon bashi ba, don kawai farashinsa ya karye. Kuma hakan ba baƙon abu ba ne a wannan fanni. Hannun jarin Plug Power na Amurka ya haura dala 70 a Janairun 2021, amma cikin 2024 ya sauka ƙasa da dala 3. Kamfanin Nikola, mai ƙera manyan motocin haidurojin, ya shelanta fatara a Fabrairun 2025. Tantancewa ke nan ba aikin rana ɗaya ba ce. Wanda bai iya karanta rahoton kuɗin kamfani ba, ya fi masa aminci ya bi asusun da ke da kwamitin malamai masu sa ido.

Sai dai bai dace a kira kowace asara garari ba. Gararin da aka hana shi ne jahiltar abin da ake saye, ko farashinsa, ko yiwuwar miƙa shi. Faɗuwar farashi bayan ciniki ingantacce haɗarin kasuwa ne, irin wanda mai atamfa a Kantin Kwari ya saba da shi. Abin da ke fita daga da'irar ciniki shi ne sayar da hannun jarin da mutum bai mallaka ba, da saye da bashin dillali mai kuɗin ruwa, da yarjejeniyar da ba a sayen komai a cikinta sai caca a kan hawa da saukar farashi. Wasu manhajoji suna jera waɗannan kusa da sayen gaskiya, maɓalli ɗaya ne tsakaninsu.

A cikin gida kuwa matsalar ta fi kusa da hannu. Mutum ya ba dilan sola naira miliyan 5, misali, a kan za a riƙa ba shi dubu 200 duk wata, uwar kuɗinsa kuma tana nan daram. A harshen Hausa wannan ma "riba" ake ce masa, kuma haɗuwar kalmar da ribar da Alƙur'ani ya haramta ta sha rikita mutane. A fiƙihu wannan bashi ne da ya jawo amfani. Ƙiradi ingantacce a mazhabar Malikiyya yana buƙatar a bayar da tsabar kuɗi, a ambaci kaso sananne na abin da aka samu, kamar rabi ko sulusi, asarar dukiya ta hau kan mai ita, mai juyawa kuma ya yi asarar wahalarsa, ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'i a kan ɓacin ƙiradin da aka yanka wa ɗayansu adadi tsayayye. Dilan da batirinsa ya lalace a sito, ko canjin dala ya cinye masa jari tsakanin oda da isowar kaya, shi kaɗai ke ɗaukar nauyin a tsarin farko, kuma irin wannan rigima ce ke ƙarewa a gaban alƙali tsakanin mutanen da sahu ɗaya suke sallah.

Zakka ma tana bin niyyar mai saye. Wanda ke saye da sayarwa a kai a kai hukuncinsa na mudiri ne: ya ƙiyasta hannun jarinsa da farashin ranar cikar shekara, ya fitar da kashi 2.5 cikin 100 idan ya kai nisabi. Wanda ya ajiye yana jiran kasuwa ta tashi ya fi kusa da muhtakiri, wanda Malikiyya suka ce zakkar shekara ɗaya zai bayar ranar da ya sayar, ko da hajar ta shekara biyar a hannunsa.